Ɗigo Ɗaya Ya Faɗi, Amsa Ta Sauya: Bin Sawun Kuskure a Lissafin Makafi

Malamin lissafi ya buga x² + 1 a kwamfuta, ya ce idan x yana matsayin 3, a faɗi amsa. Amsar ita ce 10. To, a ce takardar ta bi ta cikin manhajar da ke juya rubutu zuwa birel, rubutun nan na ɗigo-ɗigo da makafi ke karantawa da yatsa, sai ɗigo ɗaya tak ya salwanta a hanya. Abin da zai iso hannun ɗalibi makaho shi ne x ɗauke da 2 + 1 gaba ɗaya a kafaɗarsa, wato 3 sau 3 sau 3. Zai yi aikinsa tsaf, ya sami 27, a ba shi sifiri. Malamin ba ya karanta ɗigo, ɗalibin bai san abin da ke kan takardar asali ba, injin kuwa bai yi ƙara ba balle a ankara. Kowa sai ya watse a kan cewa yaron ne ba shi da kan lissafi.

Nan ne kuskuren lissafi ya sha bamban da kuskuren labari. Idan harafi ya faɗi a cikin kalma, mai karatu zai cike gurbin da hankalinsa. Idan alama ta faɗi a cikin lissafi, abin da ya rage yakan zama wata tambayar ce daban, mai ma'ana, mai amsarta. Maganar kuma ta shafi makahon yaron da aka haifa a Guri ko Kadira ko Abunabo, can gabashin Jigawa kusa da iyakar Yobe, ko da bai taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. Duk takardar lissafin da za ta zo masa, daga firamare har jarrabawar shiga jami'a, in dai ba da hannu aka huda ta ba, to ta wannan hanyar ta biyo.

Ɗigo shida, siffa 63

Louis Braille, Bafaranshen da aka haifa a 1809 ya makance tun yana ƙarami, ya fitar da tsarinsa a littafi a 1829. Kowane gida na rubutun yana da gurbin ɗigo shida: 1, 2, 3 daga sama zuwa ƙasa a hagu, 4, 5, 6 a dama. Duk yadda aka jujjuya su, siffa 63 kawai suke bayarwa. Da su za a rubuta haruffa da lambobi da waƙafi da aya da tarin alamomin lissafi. Dole siffa ɗaya ta ɗauki aiki biyu ko uku, alamar da ta gabace ta ce ke faɗa wa mai karatu wanne ake nufi. A tsarin da aka fi sani ma lambobi ba su da siffar kansu. Haruffa goma na farko, a zuwa j, su ne 1 zuwa 0, muddin alamar lamba ta zo gabansu.

Sai kuma matsalar tsayuwa. Lissafin masu gani sama da ƙasa yake tafiya: wata lamba a bisa layi, wata a ƙarƙashinsa, wata ƙarama ta ɗare kafaɗar harafi, wata ta lafe a gindinsa. Ido yana kwashe wannan duka a kallo ɗaya. Yatsa kuwa gida-gida yake bi, a layi miƙaƙƙe. Saboda haka sai an saka alamomin da babu su a takardar masu gani, masu cewa nan aka hau, nan aka sauko, nan kaso ya buɗe, nan ya rufe. Manhajar ce za ta ƙirƙiro su da kanta, kuma ba za ta iya ba sai ta fahimci ginin lissafin. Mafi yawan kurakurai a nan suke ƙyanƙyashewa.

Tsari biyu a aji ɗaya

Abraham Nemeth, Ba'amurke da aka haifa makaho a 1918, ya so karatun lissafi ya tarar babu rubutun da zai ɗauke shi, sai ya tsara nasa. An buga tsarin a 1952, shi kuma ya daɗe yana koyar da lissafi a Jami'ar Detroit. Babbar dabararsa ita ce sauko da lambobi zuwa ƙasan gida don kada su yi kama da haruffa. Ingila ita ma tana da nata tsohon tsarin na lissafi. A 2004 majalisar ƙasashen da ke amfani da birel ɗin Ingilishi ta amince da tsari ɗaya da ya haɗe zube da lissafi, wanda ake kira UEB. Najeriya ta karɓe shi a 2005, ta riga Ingila da ta shigo a 2011, ta riga Amurka da ta fara aiki da shi a 2016. Har alamar naira tana da nata wurin a cikinsa: ɗigo na 4, sai harafin n. Amurka kuwa ko da ta shigo ba ta saki Nemeth ba, tana tafiya da su biyun.

Ga abin da wannan ke haifarwa. Ɗigo na 2 shi kaɗai, a wurin Nemeth lamba 1 ce, a UEB waƙafi ne. Ɗigo 2-5-6 a can 4 ne, a nan aya ce. Ɗigo 2-3-6 a can 8 ne, a nan alamar tambaya. Alamar tarawa gida ɗaya ce a Nemeth, gida biyu a UEB. Manhajar da aka ƙera a Amurka tana iya zuwa a saite a kan Nemeth, littafin gudummawa daga Ingila yana iya zama na tsohon tsari, malami kuma ya koya wa yara UEB. Yaro ya ce takarda ba ta karantuwa, a ɗauka inji ne ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Don haka tambayar farko ga mai neman kuskure ita ce: wane tsari yaron ya koya, kuma a kan wanne aka saita manhajar?

Zango biyar

Manomin rani a fadamar Haɗeja, idan ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba, ba ya fara da kwance inji. Magudanar yake bi da ƙafa har ya ga inda ta ɓalle. Haka aikin nan yake, domin takarda zango biyar take yi kafin ta kai yatsa: rubutun asali, fahimtar gininsa, jadawalin juyawa, shirya shafi, sai injin bugawa.

Zangon farko shi ya fi yawan laifi, shi kuma aka fi mantawa da shi. Mai buga takardu a shago yana aiki ne don ido. Zai ɗaga 2 sama ya ƙanƙanta ta, ta fito daidai a fuskar kwamfuta, amma da an kwafe ta zuwa wani fayil sai ta sauko ta zauna gefen x. Zai ɗauki hoton lissafi daga littafi ya manna, manhaja ta iso wurin ta tsallake shi kamar babu. Zai rubuta 6 + 4/2 alhali littafi ya ɗora 6 + 4 gaba ɗaya a bisa 2, amsa ta tashi daga 5 ta koma 8. Gajeren layin da ke raba kalma, da dogon layi, da alamar ɗebewa, a ido kusan ɗaya suke, a cikin kwamfuta kuwa kowanne da lambarsa daban. Haka harafin x da alamar sau. Ga kuma wata al'ada tamu ta nan gida, ta saka # a madadin alamar naira. Mai gani ya saba, ya san ₦500 ake nufi, amma manhaja za ta juya abin da aka ba ta ne, yaro ya tarar da baƙuwar alama a gaban kuɗin shinkafa. Fayil ɗin PDF ya fi kowanne haɗari, domin sau da yawa abin da ya adana shi ne inda kowace alama take a shafi, ban da dangantakarta da maƙwabciyarta.

Maganin wannan zango shi ne a rubuta lissafi da abin da aka yi dominsa: sashen rubuta lissafi da ke cikin Word, ko MathType, ko LaTeX da malaman jami'a suka saba da shi, ko MathML da aka fitar a 1998. Duk waɗannan suna adana ginin, suna cewa wannan shi ne na sama, wancan na ƙasa. Akwai manhajar InftyReader ta Japan da ke karanta hoton shafin lissafi ta mayar da shi rubutu, sai dai aikinta yana buƙatar mutum ya bi shi layi-layi, musamman idan littafin ya sha kwafi har tawadarsa ta dushe.

A zango na biyu da na uku ne ake samun kuskuren manhaja na haƙiƙa. Sanannun masu wannan aiki su ne Duxbury, na wani kamfanin Amurka da aka kafa a 1975, da Liblouis, wadda John Boyer, makaho kuma kurma, ya faro a 2002. Liblouis kyauta ce, cikinta a buɗe yake ga duk mai son dubawa, kuma ita ce ke aiki a cikin NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi fuskar kwamfuta, da BrailleBlaster ta gidan buga littattafan makafi na Amurka. Zuciyar kowaccensu jadawali ne na ƙa'idoji: idan ka ga kaza bayan kaza, fitar da ɗigo kaza. Ƙa'idojin suna da yawa, wata takan taka wata.

Ɗauki 2a a tsarin UEB. Tunda 2 harafin b ne, 1 kuma harafin a, idan ba a saka alamar da ke cewa lamba ta ƙare ba, yaro zai karanta 21. Abin da ke ɓoye wannan kuskure shi ne 2x ba ya buƙatar alamar, domin x ba ya cikin haruffa goman nan. Mai gwaji ya gwada da x da y, ya ga komai lafiya, sai ranar da littafi ya zo da a da b da c. Haka kuma a birel ɗin Ingilishi mai gajarce-gajarce, harafi idan ya tsaya shi kaɗai yakan wakilci kalma sukutum, sai an yi masa alama kafin a gane harafin lissafi ne.

Kaso a cikin kaso ya fi wannan wuya. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya da mata biyu, matan za su raba sumuni, kowacce ta sami 1 bisa 16. A rubuce, 1 bisa 8 ne aka ɗora a bisa 2. Tsarin Nemeth yana ƙara ɗigo na 6 a gaban alamomin babban kason don a bambanta shi da ƙaramin da ke cikinsa, wato sai manhaja ta ƙirga hawa nawa ne kafin ta fara rubutu. Idan ta yi kuskuren ƙirga, mai karatu zai iya fahimtar 1 ne a bisa rabin 8, wato rubu'i, ninki huɗu na haƙƙin matar.

Mu Hausawa muna da namu ƙarin. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ kowanne yana da lambarsa ta musamman a kwamfuta, kuma jadawalin Ingilishi bai lallai ya san su ba. Liblouis idan ta ci karo da harafin da babu shi a jadawalinta, lambar harafin take zubowa a tsakiyar kalma, yaro ya ji tarkacen ɗigo a inda yake sa ran “ɗebe”. Idan kuma aka bi da bayanin Hausa ta jadawalin Ingilishi mai gajarcewa, kalmar “wanda” za ta rasa haruffa ukun tsakiyarta, a dunƙule su a gida ɗaya don sun yi kama da wata kalmar Turanci. Malamin firamare a Guri da Hausa yake yi wa yara bayani, don haka takardar da ta haɗa Hausa da lissafi ba baƙon abu ba ce. Dole a nuna wa manhaja inda Hausa ta tsaya da inda lissafi ya fara.

Zango na huɗu shirya shafi ne. Layin birel bai cika wuce gida 40 ba, shafi kuma layi 25 ko kusa da haka, shi ya sa shafi ɗaya na masu gani yakan ci biyu ko uku. Dogon lissafi dole a karya shi, kuma akwai ƙa'idar inda ake karyawa, kamar dab da alamar daidai ko ta tarawa. Manhajar da ta yanke lamba a tsakiya ta ɓata tambaya. Lissafin tarawa na tsaye, inda ɗaiɗai ke ƙarƙashin ɗaiɗai, gomiya ƙarƙashin gomiya, shi ma yakan rushe idan manhaja ta ɗauki sararin da ke gaban lamba a matsayin ɓarna ta share shi. Zane kuwa, alwatika ko da'ira, manhajar juyawa ba ta san shi ba. Sai an yi shi daban, da inji na musamman ko da zare da gam kamar yadda malamai suka daɗe suna yi.

Zango na ƙarshe inji ne da takarda. Fayil ɗin da aka gama juyawa yana ɗauke da haruffan kwamfuta ne, kowanne yana wakiltar siffar ɗigo, kuma injin bugawa yana da nasa jadawalin na fassara su. Idan fayil ya zo da tsarin Amurka, inji kuma yana saite a kan na wata ƙasa, haruffa za su fito daidai, lambobi da alamomi su rikice. Labari zai karantu, lissafi ya lalace. Wani lokacin ma babu ruwan saiti: allura ɗaya ce ta gaji, ɗigo guda yana fitowa a kwance a duk shafi.

Yadda ake kama ɓarawon

Masu wannan sana'a suna da hanya, kuma ba ta buƙatar digiri. Da farko a rage matsalar. Kada a ce littafi ya ƙi, a ciro layin da ya ƙi, a riƙa zare masa alama ɗaya-ɗaya har a kai ga mafi gajartar abin da ke haifar da kuskuren. Sau da yawa alama biyu ko uku ce. Sannan a sa kwamfuta ta nuna ɗigon a fuskarta kafin a buga. Idan daidai suke a nan amma ba daidai ba a takarda, laifin na inji ne. Idan tun a nan sun karkace, a goge layin a sake buga shi da hannu a sabon fayil. In ya gyaru, rubutun asali ne ke da datti. In bai gyaru ba, an iso jadawali. A kowane mataki abu ɗaya ake sauyawa, domin wanda ya sauya uku lokaci guda ko ya dace ba zai san wanne ya yi magani ba.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Manhajoji suna iya mayar da birel zuwa rubutun masu gani, sai malamin da bai iya ɗigo ba ya dogara da wannan don dubawa. Amma jadawalin da ya yi kuskure a tafiya yana iya maimaita shi a dawowa, ya nuna maka abin da ka ba shi daidai, alhali abin da ke kan takarda daban ne. Gwada layin a wata manhajar ya fi, duba littafin ƙa'idojin tsarin ya fi duka.

Idan ta tabbata laifin na manhaja ne, sai a kai rahoto ga masu kula da ita, da abu biyar: abin da aka shigar, ɗigon da ya fito, ɗigon da ya kamata ya fito, sunan jadawali, da lambar fitowar manhajar. Rahoton da ya ce “lissafi ba ya fita daidai” ba wanda zai iya aiki da shi. Daga nan a ajiye layin a cikin takardar gwaji ta makaranta, duk lokacin da aka sabunta manhaja a sake bi da ita, domin gyaran wata ƙa'ida yakan tayar da tsohon kuskuren da aka riga aka binne.

Abin da ya rage wa Guri

Karatun makafi na boko ya daɗe a Arewa. Makarantar Gindiri ta Filato tun 1953 take, Kano tana da ta Tudun Maliki, Jigawa tana da tata a Limawa cikin Dutse. Hukumar JAMB, a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman a 2017 wanda Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta don shirya wa makafi jarrabawa, kuma akwai cibiyarsa a Jami'ar Bayero ta Kano. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta juya littattafai domin makafi ba tare da jiran izinin mawallafi ba, aka kuma sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Janairun 2019. Ƙofa dai a buɗe take a takarda. Amma an daɗe ana ɗauke wa makafi darasin lissafi da sunan tausayi, alhali rashinsa yana rufe musu kimiyya da kwamfuta da akanta. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Nicholas Saunderson makaho ne, ya zama farfesan lissafi a Jami'ar Kambirij a 1711, tun ba a haifi Braille ba. Mu ma nan mun san makafin da suka haddace Alƙur'ani, da waɗanda ba a cutar su ko sisi a ciniki.

Abin da ya sa kuskure ya fi tsada a Guri shi ne nisa. Makarantar da ke da injin bugawa a ɗakinta za ta gyara shafi kafin a tashi. Yaron da aka aiko wa littafi daga Dutse ko Kano ko Legas, ko wanda ya tafi da shi gida hutu, da kuskurensa zai zauna har zangon karatu ya ƙare. Yanayi ma yana da nasa hannun. Guri ƙasar fadama ce, damina takan yanke hanyoyi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, kuma takardar birel idan ta sha laima ko aka danne ta da kaya, ɗigonta kwanciya yake yi. Ɗigon da ya kwanta da ɗigon da manhaja ta manta, a yatsa ɗaya suke. Don haka a bar littattafan a tsaye, a wuri busasshe. Kada kuma a yi watsi da keken rubutu na Perkins, wanda tun 1951 yake aiki ba tare da lantarki ba, da allo da tsinken huda, da abakus ɗin makafi mai ƙyalle a bayansa don kada duwatsun su zame. Da su malami zai sake huda layin da ya lalace nan take.

Duk wannan yana komawa ga mutum ɗaya wanda ba a cika saka shi a kasafin kuɗi ba: makaho mai karanta birel, wanda ya san lissafi, ya zauna da mai gani, ɗaya yana karanta takardar asali ɗaya yana bin ɗigo. Gwamnati da masu ba da gudummawa sun fi son sayen inji, domin shi ake iya ɗauka a hoto ranar ƙaddamarwa. Inji kuwa kuskuren da aka ba shi zai ninka ɗari. Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, da sassan ilimi na musamman na jami'o'in Jos da Bayero, suna yaye masu iya wannan aiki, a cikinsu har da makafi masu neman abin yi. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, a cikin masarautar Haɗeja, za su iya ɗaukar aiki a kan jadawalin juya Hausa zuwa birel a matsayin aikin kammala karatu, tunda Liblouis ba ta hana kowa gyara. Ma'aikatar ilimi ta jiha kuma tana iya yanke hukunci uku ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: a tsaya a kan tsari ɗaya a duk makarantunta, a daina karɓar tambayoyin lissafi a hoto ko PDF daga masu tsara jarrabawa, kuma kada takardar lissafi ta fita zuwa aji sai mai tacewa makaho ya karanta ta ya sa hannu, a biya shi ladan aikinsa kamar kowane ma'aikaci.